Kayan da Ba a Aza Maka Ba: Ina Iyakar Sa-kai, Ina Mafarin Shisshigi?

A kowane gari akwai mutum biyu da ba a mantawa da su. Ɗaya shi ne wanda ya hango ɓarna tana tafe, ba wanda ya kira shi, ya zage damtse ya tare ta. Ɗayan kuwa shi ne wanda ya tsoma hannu cikin abin da babu ruwansa, ya dagula shi, da aka tambaye shi ya ce ai taimako ya kawo. Na farko ana yi masa kirari, na biyu ana ce masa mai shisshigi. Wahalar ita ce, ranar da suka fara ba mai iya rarrabe su. Ba a aiki ko ɗayansu ba, kuma kowannensu zai rantse alheri ya nufa.

To, mutumin da ya ɗora wa kansa aikin da ba a ba shi ba, da me za a auna shi? Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, domin masu ɓarna da yawa da ita suka fito daga gida. Jiran a ga ƙarshen abin ma bai wadatar ba, tunda sai aikin gama ya gama ake ganin ƙarshe, ga shi kuma sa'a takan rufa wa mai ganganci asiri. Alƙalan Ingila da masu tsara dokokin Faransa da malaman fiƙihu duk sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya. Sun saɓa a wurare masu muhimmanci, amma akwai inda suka haɗu. Kafin a je can, ga labari biyu a ajiye su gefe da gefe.

Yara 669 da yara 103

A watan Disamba na 1938, wani matashi ɗan shekara 29 mai suna Nicholas Winton, dillalin hannun jari a Landan, yana shirin tafiya hutu Suwizalan sai abokinsa Martin Blake ya ce masa ya fasa, ya zo Prag. Watanni uku kafin nan, a yarjejeniyar Munich, Birtaniya da Faransa sun yarda Hitler ya yanke yankin Sudeten daga Cekoslobakiya. Dubban 'yan gudun hijira, cikinsu da Yahudawa masu yawa, suka cika sansanoni a kewayen Prag cikin tsananin hunturu. Akwai masu fafutukar fitar da manya, musamman 'yan siyasar da 'yan Nazi ke farauta, amma batun yara ba shi da mai shi. Winton ba jami'in gwamnati ba ne, ba kuma ma'aikacin agaji ba. Ya kafa tebur a otal ɗin da ya sauka, iyaye suka riƙa yin layi suna rubuta sunayen 'ya'yansu.

Da ya koma Landan, ma'aikatar cikin gida ta gindaya masa sharaɗi: kowane yaro sai an samo gidan da zai riƙe shi, da kuma fam 50 na ajiya don kuɗin komawarsa gida wata rana. Da rana yana kasuwar hannun jari, da yamma shi da mahaifiyarsa da 'yan tsirarun mataimaka suna buga hotunan yaran a kati suna neman masu riƙo. A can Prag kuma Trevor Chadwick da Doreen Warriner ne suka tsaya a bakin wuta, suna fama da jami'an Jamus. Daga Maris zuwa Agustan 1939 an fitar da yara 669, akasarinsu ta jirgin ƙasa, aka sauke su a tashar Liverpool Street. Ayari mafi girma, mai yara kusan 250, an shirya tashinsa ranar 1 ga Satumba, ranar da Jamus ta afka wa Poland. Bai tashi ba, kuma kusan dukkan yaran sun halaka a yaƙin. Duniya ba ta san aikin Winton ba sai a 1988, lokacin da BBC ta haɗa shi da wasu daga cikin yaran, sun riga sun yi furfura. Ya rasu a 2015 yana da shekara 106.

Kada a ɗauka ya bi ƙa'ida sau da ƙafa. Takardar wasiƙar wani kwamitin 'yan gudun hijira ya ɗauka, ya ƙara mata "sashen yara" wanda a lokacin babu shi, ya naɗa kansa sakatare. Da takardun shiga Birtaniya suka yi jinkiri, an buga na jabu.

Labari na biyu a Cadi ya faru. Ranar 25 ga Oktoba 2007 aka tsare 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche, suna gab da ɗora yara 103 a jirgin sama. Shugabanta, Eric Breteau, ya shaida wa iyalai a Faransa cewa marayun Darfur ne da mutuwa ke jira, iyalan suka biya kuɗi suka zauna jiran isowarsu. Da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross suka bincika, sai aka tarar mafi yawan yaran suna da uwa ko uba a raye, kuma daga ƙauyukan Cadi na bakin iyaka aka kwaso su. Abin da aka gaya wa iyayen shi ne makaranta za a sa 'ya'yansu a cikin ƙasar. An ma naɗa wa wasu yaran bandeji ba tare da ciwo ba, don a ce jinya za a kai su. Kotun Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani a Disambar shekarar, aka mayar da su Faransa, Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a Maris 2008.

Winton da Breteau dukansu ba a aike su ba. Dukansu sun raba yara da iyaye sun nufi wata ƙasa da su, dukansu sun taka ƙa'ida, kuma Breteau ma ya tanadi gidajen riƙo, don haka ba a nan bambancin yake ba. Bambancin yana ga wanda aka yi wa ƙaryar. Winton ya yaudari ofis domin ya isar da abin da iyaye suka roƙe shi da bakinsu, suna sane da inda za a kai 'ya'yansu. Breteau kuwa iyayen kansu ya yaudara, domin ya san in sun ji gaskiya za su hana. Ya yanke hukunci cewa ya fi su sanin abin da ya dace da 'ya'yansu, sai ya ƙwace musu ikon cewa a'a.

Dokar Ingila: ba dole ka ɗauka, amma in ka ɗauka ka ɗauka

Abin da ke ba mutane mamaki a dokar Ingila shi ne ba ta tilasta wa kowa ceton wanda ba shi da alaƙa da shi. Misalin da ake koya wa ɗaliban lauya shi ne na mutumin da ya ga yaron da ba nasa ba yana nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, ya dubi agogonsa ya wuce. Jama'a za su tsine masa, amma kotu ba ta da abin da za ta kama shi da shi. Wanda doka ke kamawa shi ne mai alaƙa: uwa ko uba, ko wanda aka ɗauka aiki don ya tsare, kamar mai gadin mashigar jirgin ƙasa da aka same shi da laifin kisa a 1902 saboda ya bar ƙofa a buɗe ya tafi cin abinci, ko kuma wanda shi ya haddasa haɗarin tun farko. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, aikin doka ta hana ka cuta, ba ta tilasta maka kirki ba. Suna kuma tambaya: in mutum hamsin ne a bakin kogin, wa za a gurfanar?

Ba a nan ta tsaya ba. A wata shari'a ta 1886, ta Falcke da wani kamfanin inshora, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa in ka kashe kuɗinka ko ƙarfinka wajen kare dukiyar wani ba da roƙonsa ba, ba ka bin sa bashi, domin ba a cusa wa mutum alheri a bayan idonsa sannan a kawo masa lissafi. A teku kawai aka yi togiya, inda wanda ya ceto jirgi ko kayansa yake da haƙƙin lada.

Amma da zarar ka sa hannu, sai dokar ta juya. Shari'ar Stone da Dobinson ta 1977 ita ce madubin wannan. Stone dattijo ne mai shekara 67, kunne ya yi nauyi, ido ya kusa tafiya, shi da Dobinson, matar da suke zaune tare, kuma dukansu ba masu wayo ba ne. 'Yar'uwarsa ta zo ta kama ɗaki a gidan, tana fama da cutar ƙin cin abinci, har ta kai ba ta iya tashi daga gado. Matar gidan takan kai mata abinci, ta taɓa yi mata wanka, sun ma yi ƙoƙarin neman likitanta ba su same shi ba. Daga nan suka saki. Ta mutu cikin ƙazanta, gyambon kwanciya ya ruɓe a jikinta. Kotu ta same su da laifin kisa ba da gangan ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Dalili shi ne sun riga sun karɓi kulawa da ita, don haka wajibi ne su ci gaba ko su kira waɗanda za su iya. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alƙalan Ingila sun wuce nan: ko ba ka ci lada ba, muddin ka jiƙa masa kai ka ɗauki aska, sai ka ƙarasa.

Hukuncin yana da tsauri, kuma har yau ana gardama a kansa, ganin irin raunin mutanen biyu. Sai dai akwai hikima a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya karɓi aiki ya kori wasu daga kansa. In maƙwabta suka ga ana shiga ɗaki da abinci, sai su ɗauka akwai mai kula, su kama gabansu. Rabin taimako yakan fi rashin taimako cutarwa, domin yana rufe ƙofar da wani zai shigo ta ciki.

Haka abin yake a shawara. A 1963, a shari'ar Hedley Byrne da bankin Heller, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ce wanda ya ba da shawarar ƙwararre kyauta, yana sane za a dogara da ita, zai iya biyan diyya in ya yi sakaci. Bankin ya ba da shaidar cewa wani kamfani yana da ƙarfin biyan bashi, kamfanin ya durƙushe, Hedley Byrne da suka dogara da shaidar suka yi asarar kusan fam 17,000. Abin da ya kuɓutar da bankin shi ne ya rubuta a kan takardar cewa bai ɗauki alhaki ba. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida a kan gado: wanda ya shiga juya dukiyar mamaci ba tare da an naɗa shi wasiyyi ba, doka tana ɗora masa duk nauyin wasiyyi, ba ta ba shi gatan wasiyyi. Duk wanda ya taɓa ganin babban wa ya rungume gadon marayu "don ya kula musu da shi", shekara goma ba lissafi, zai gane amfanin irin wannan ƙa'ida.

Raunin tsarin a fili yake. In wanda ya wuce ba shi da laifi, wanda ya tsaya kuma yana iya shiga uku, ai an koya wa mai wayo ya riƙa wucewa. Majalisar dokokin Birtaniya ta yi ƙoƙarin rage wannan tsoro da wata doka a 2015, wadda ta umarci kotunan Ingila da Wales su duba ko wanda ake ƙara yana aikin amfanin jama'a ne ko ceton rai a lokacin da ya yi kuskuren. Lauyoyi da yawa sun ce ba ta ƙara wani abu a kan abin da alƙalai suke yi tun da ba.

Faransa da Malikiyya: wucewa ma laifi ne

Ana haye mashigin teku zuwa Faransa sai ƙa'ida ta sauya. Sashe na 223-6 na kundin hukunta laifuka ya ce wanda ya ga mutum cikin haɗari, yana iya taimakonsa ko kiran masu ceto ba tare da ya jefa kansa ko wani cikin haɗari ba, ya ƙi, zai iya shan ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 75,000. Da wannan doka aka binciki masu ɗaukar hoton da suka isa wurin haɗarin Gimbiya Diana a Paris a 1997, ko da yake daga baya an wanke su. Jamus ma tana da irinta. A 2016, a garin Essen, wani tsoho ya yanke jiki ya faɗi a zauren injin cire kuɗi na wani banki, mutane suka riƙa tsallake shi suna cire kuɗinsu. Ya rasu bayan kwanaki, kotu ta ci uku daga cikinsu tara a shekarar da ta biyo.

A gefen dukiya kuma, Faransa ta gaji wata ƙa'ida daga dokar Rumawa. In maƙwabcinka ya yi tafiya, iska ta yaye masa rufi, ka kira magini ya gyara, dole ya mayar maka da abin da ka kashe muddin gyaran ya yi amfani. Amma da sharuɗɗa: ka kula da aikin kamar yadda mai hankali zai kula, kada ka saki sai mai abin ya samu damar karɓa, kuma in ya riga ya hana ka, ba ka da wannan haƙƙi. Sukotland, maƙwabciyar Ingila, ita ma a kan wannan tafarki take.

Ɗalibin da ya karanta Muhtasar na Shehu Halil a zaure ba zai ji wannan baƙo ba. A babin yanka, littafin ya ɗora lamuni a kan wanda ya wuce dabbar farauta da aka jikkata, yana da ikon yanka ta ya ƙi har ta zama mushe, sannan ya haɗa hukuncin da na wanda ya ƙi kuɓutar da rai ko dukiyar da ke gab da halaka alhali yana iyawa. Wato a wurin Malikiyya, naɗe hannu ma aiki ne da ake tambaya a kansa. Ga kuma farillar kifaya, irin su wankan gawa da sallarta da binne ta: ba a ambaci sunan wanda zai yi ba, in wasu sun yi an sauke wa kowa, in ba wanda ya yi laifin ya hau kan duk wanda ya sani kuma yana da iko.

Amma fiƙihun da ya tura mutum ya shiga, shi ne kuma ya ɗaure masa hannu. Wanda ya ɗauki tsintuwa mai daraja ya ɗauki amana, sai ya yi cigiyarta shekara guda. Wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin magani ba, in ya yi ɓarna shi zai biya. Sai kuma batun fuduli, wato wanda ya sayar ko ya saya da sunan wani ba da izininsa ba. Malikiyya da Hanafiyya sun ce cinikin yana nan a rataye har mai abin ya ji: in ya amince ya tabbata, in ya ƙi ya warware. Shafi'iyya, a ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurinsu, sun ce tun asali bai ƙullu ba. Masu halattawa suna kafa hujja da labarin Urwa al-Bariƙi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Abin lura shi ne Urwa ya wuce abin da aka sa shi, amma ya dawo da komai gaban mai shi ya faɗi yadda ya yi.

Nan ne hanyoyin uku suka haɗu. Sun saɓa a kan ko dole ne ka ɗauka. Ba su saɓa ba a kan cewa in ka ɗauka za a tambaye ka yadda ka yi, kuma maganar ƙarshe ta mai abin ce.

Me ke tsayar da mutane suna kallo?

A Maris 1964 aka kashe wata mata mai suna Kitty Genovese a unguwar Queens ta birnin New York. Jaridar New York Times ta ce mutum 38 sun gani ba wanda ya motsa. Daga baya an tabbatar an zuzuta labarin: kaɗan ne suka ga wani abu sosai, an kira 'yan sanda, wata maƙwabciya ma ta fito ta rungume ta tana gargarar mutuwa. Duk da haka labarin ya sa masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Bibb Latané, suka yi gwaji a 1968. Sun sa ɗalibai suna jin muryar wani ta na'ura kamar farfaɗiya ta kama shi. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin 100 sun tashi neman taimako kafin muryar ta ɗauke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 kacal. Ba mugunta ba ce. Kowa yana zaton wani zai yi, kowa kuma yana tsoron ya yi zaƙewa a yi masa dariya. Shi ya sa masu koyar da taimakon gaggawa ke cewa kada ka yi kururuwar "a taimaka", nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai, kira motar asibiti. Farillar kifaya ma wannan cuta take magani, da ta ƙi barin kowa ya fake da taro.

Sai dai kada a yi wa ɗan Adam mummunan zato fiye da kima. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya duba faifan kyamarorin titi na rigingimu 219 a Amsterdam da Lancaster da Cape Town, ya tarar a cikin tara daga kowane goma an samu aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani. Masu tashi ba a aike su ba suna nan da yawa. Abin da ake ƙarancinsa shi ne masu sanin inda za su tsaya.

Idan kayan da aka ɗauka hukunci ne

Mafi haɗarin aikin da mutum zai ɗora wa kansa shi ne hukunta wani. A Yulin 2000, bayan kisan wata yarinya 'yar shekara 8 a kudancin Ingila, jaridar News of the World ta fara buga sunaye da hotunan waɗanda aka taɓa samu da laifin lalata da yara. A unguwar Paulsgrove ta Portsmouth, jama'a suka kwashe dare da dama suna jifan gidaje da ƙona motoci, iyalan da ba su ji ba su gani ba suka tsere. A kudancin Wales aka yi wa gidan wata likitar yara rubutun zagi da fenti, ga alama don an rikita sunan sana'arta da sunan masu laifin. A Amurka, a Fabrairun 2020, wasu mutum uku a jihar Georgia suka bi wani matashi baƙar fata, Ahmaud Arbery, da motoci suna zargin ɓarawo ne, aka harbe shi. Sun fake da tsohuwar dokar 1863 da ta ba farar hula damar kama mai laifi. An same su da laifin kisa, jihar kuma ta soke dokar a 2021.

Wannan bai yi wa mai karatu a arewacin Najeriya nisa ba. A 2013 matasan Maiduguri suka fito da gora da adda suna zaƙulo 'yan Boko Haram unguwa-unguwa, kuma ba mai musun rawar da suka taka wajen ƙwato birnin, kamar yadda ba a rasa ƙorafin cin zarafi a kan wasunsu ba. A Zamfara da maƙwabtanta, 'yan sa-kai sun taso ne saboda an bar ƙauyuka ba tsaro, amma masu bincike da yawa sun nuna cewa kashe Fulani a kasuwanni da hanyoyi ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya.

Ceto da hukunci ba ɗaya ba ne. In ka ciro mutum daga ruwa ashe iyo yake yi, abin da ka yi asara kunya ce kawai. In ka kashe wanda ka zaci ɓarawo ne ashe baƙo ne mai wucewa, babu gyara. Mai ceto yana iya tambayar wanda zai ceta, ko ya ƙaddara yardarsa in ba ya cikin hayyacinsa. Mai hukunci kuwa shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Shi ya sa malamai suka ce tsayar da haddi aikin shugaba ne, kuma wanda ya yi gaban kansa ya yi laifi ko da wanda ya hukunta mai laifi ne.

Inda sa-kai na gari ke ƙarewa

Ayyukan sa-kai da suka ɗore suna da hali guda: masu su sun yi saurin miƙa wuyansu ga tsarin da wani zai iya bincika. Sir William Hillary ya ga jiragen ruwa suna farfashewa a gaɓar tsibirin Man, ya shiga ceto da kansa, amma bai tsaya nan ba sai da ya ga an kafa ƙungiyar kwale-kwalen ceto a 1824. Ita ce RNLI ta yau, wadda har yanzu akasarin matuƙanta 'yan sa-kai ne, amma da horo da ƙa'ida da lissafin kuɗi a fili, ta kuma ceci rayuka fiye da 140,000. Henri Dunant, ɗan kasuwa daga Geneva, neman ganin Sarki Napoleon na Uku kan harkar kasuwancinsa a Aljeriya ya kai shi Solferino a Yunin 1859, ya tarar da dubban sojoji da aka jikkata an bar su a fili, ya tara matan garin da ke kusa suka yi jinyar kowa ba tare da duba ɓangare ba. Daga nan aka samu kwamitin Red Cross a 1863 da yarjejeniyar Geneva a 1864. Kafa rundunar tsaron al'umma da Katsina ta yi a 2023, da Askarawan Zamfara a 2024, yunƙuri ne na irin wannan mataki, kuma za a auna nasararsa ne da ko ana hukunta ɗan rundunar da ya yi zalunci.

Saboda haka, wanda zuciyarsa ta tura shi ga aikin da ba a ba shi ba, akwai tambayoyin da suka fi "niyyata mai kyau ce?" amfani. Shin abin zai lalace kafin mai shi ko hukuma su iso? Shin na iya, ko dai ɗokin taimako ne kawai? Shin zan iya faɗa wa mai abin gaskiyar abin da nake yi, ko sai na ɓoye masa? In ba ya nan ko ba ya cikin hayyacinsa, a yi gwargwadon abin da zai tsayar da ɓarna, a ajiye masa sauran ya zo ya yanke. In kuma shi ne mai cutarwar, kamar uban da ke azabtar da ɗansa, to haƙƙin na yaron ne, kuma hanya ita ce a kai magana ga dangi da mai unguwa da hukuma, a tsaya a kanta har a ga an motsa.

Wanda aka aika yana da wanda zai tsawata masa in ya kauce, da wanda zai karɓi aikin in ya gaji. Wanda ya aiki kansa ba shi da ko ɗaya, sai in ya nemo su da kansa. Don haka wajibin farko a kan mai sa-kai, tun kafin aikin ya yi nisa, shi ne ya samo wanda zai riƙa ba shi lissafi, ya kuma ba shi ikon ce masa ya isa.